Bohol mai sola da aka haƙa mana a layi: ruwa dai ya fito, amma akwai magana

Idan maki ake bayarwa uku da rabi cikin biyar zan ba kamfanin nan, kuma rabin ma albarkacin yaron da ya haɗa mana sola ne, don shi kam ya san aikinsa. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa kuma har yanzu muna da sauran magana da su, amma duk wanda yake shirin haɗa kuɗi da maƙwabta a haƙa bohol a Kano ko kewaye to ya daure ya karanta, kusan duk tafiyarsu ɗaya ce.

Unguwarmu awon igiya ce a gefen gari, ba a taɓa shimfiɗa bututun gwamnati ba balle a ce ya lalace, ruwanmu daga 'yan garuwa ne, sai rijiyoyin cikin gida da suke ƙafewa tun kafin watan uku ya ƙare, sai fiya wata ga mai hali. To daga lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya canza gaba ɗaya, saboda masu bohol ɗin kasuwa da janareta suke tayar da samo, wato injin da ake zurawa cikin rami yana turo ruwa sama, mai ya tashi sun ƙara wa 'yan garuwa kuɗin cika kura, su kuma suka ƙara mana a jarka, kuma wallahi ba ka ganin laifinsu idan ka ga yadda mutum yake tura kura mai jarka goma sha biyu cikin yashi da rana tsaka, da yawansu 'yan ci-rani ne wasu ma daga Nijar suke zuwa. Gida mai mata da yara goma a rana sai a sha kura guda ba a yi wanki ba. Shi ne magidantan layin suka zauna bayan sallar isha'i a ƙofar masallaci aka ce a yi karo-karo, wani Alhaji ya ɗauki kusan rabi sadaka ga mahaifiyarsa, Allah Ya kai mata ladan, sauran aka raba gida-gida.

Farkon mu'amala da kamfanin babu laifi. Sun turo mai sabe ya zo da na'urarsa da wayoyi ya kakkafa ƙarafuna a ƙasa yana auna yadda wuta take ratsawa, ya nuna wuri biyu, ɗaya a bakin masallaci ɗaya can ƙarshen layi. A nan zan yaba musu don akwai kamfanonin da ba ruwansu da sabe, duk inda ka nuna nan za su kafa mota, in an samu ruwa alhamdulillah in ba a samu ba su ce ƙaddara. Kuma ƙasar Kano ba irin ta Maiduguri ko Hadeja ba ce da yashi ne ya jiƙe da ruwa a ƙasa, mu nan yawanci dutse ne, ana wuce jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse sai a tarar da kafaffen dutse, ruwan kuma a tsagar dutsen yake kwanciya, shi ya sa za ka ga maƙwabcinka ya samu ruwa mai yawa kai kuma taku kaɗan tsakaninku ka haƙa ƙura kawai take tashi. Don haka kafin a biya ko sisi a rubuta a takarda waye zai ɗauki asara idan ramin ya fito busasshe. Namu sun yarda za su sake haƙa na biyu mu biya kuɗin gas kawai, Allah Ya taimaka ba a kai ga haka ba.

Haƙan kansa yini guda da ɗan wani abu, mota biyu suka zo da ita, mai injin haƙa da mai kwamfuresa, ƙara kam sai da yara suka toshe kunne. Sun kai mita hamsin da ɗoriya. Inda aka fara samun saɓani shi ne kesin, wato bututun robar da ake zurawa a ramin don kada ya rufta. A baki an yi magana za a sa mai kauri, da aka sauke kaya sai wani dattijo a layinmu da ya yi aikin famfo shekara da shekaru ya ɗaga ɗaya ya matsa da hannu ya ce Injiniya wannan ai ba shi ba ne. Injiniya ya ce Baba duk ɗaya ne, Baba ya ce to in ɗaya ne a kawo wancan ɗin. Sai da aka yi ta waya da manaja kafin aka canzo washegari. Da babu Baba a wurin shikenan an binne, kuma abin da aka binne a mita hamsin waye zai tono ya duba?

Sannan batun siminti a wuyan rijiyar. Wannan shi ne babban ƙorafina kuma shi ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu. Ƙa'ida idan an zura kesin ana zuba tsakuwa a kewayensa daga ƙasa, sannan mitocin sama a cike su da siminti a toshe, saboda ruwan sama da na kwata da abin da yake tsatsowa daga masai kada ya bi jikin bututun ya gangara ya haɗu da ruwan da za a sha. Su kuwa sai suka tura ƙasar da aka haƙo suka mayar, suka yi ɗan dandamali a sama mai kyan gani suka ce an gama. A unguwa irin tamu fa, da filin kowa ɗan ƙarami ne kuma kowane gida da sokawe ko salga a ƙofar gida. Masana suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiyar sha, to a awon igiya ina za ka samo mita 30 ɗin, ko'ina ka juya ramin wani ne. Mun matsa sun dawo sun fasa sun zuba simintin amma sai da muka ƙara kuɗin buhunan daga aljihunmu, wai ba ya cikin lissafin farko.

Bari in ɗan fita daga layinmu don abin ya fi ƙarfin layi ɗaya. Idan ka duba alƙaluman da WHO da UNICEF suke fitarwa tare, za ka ga Najeriya ta yi tafiya sosai a batun ruwan sha, a shekarar 2000 waɗanda suke samun ruwan sha na matakin farko ba su kai rabin jama'a ba, zuwa 2022 an kai wajen kashi 80 cikin ɗari. Mutum ya ji haka sai ya ce to ina ruwan yake, mu ba mu gani a famfo ba. Ai ba a famfo yake ba. Ma'aunin nasu shi ne ruwan ya fito daga wuri mai kariya, kamar famfo ko bohol ko rijiya mai murfi, kuma zuwa da bin layi da dawowa kada ya wuce minti 30. Tun 2017 ma har ruwan leda da na kwalba da wanda ake kawowa a tanka ko a kura duk ana lissafa su cikin masu kariya. Kenan mu da muke sayen garuwa da tsada tun tuni muna iya faɗawa cikin waɗanda aka ce sun samu. Shi kuwa ruwan famfo baya ma ya ci, akwai rahoton Bankin Duniya na 2017 da ya nuna a biranen Najeriya masu famfo a cikin gida sun sauko daga kashi 32 a 1990 zuwa kashi 7 a 2015. Ka ga kenan ci gaban da ake gani a takarda yawancinsa bohol ne, na 'yan siyasa da na ƙungiyoyi da na masallatai da na masu kuɗi da irin namu na karo-karo, mutane ne suka gaji da jira kowa ya huda ƙasa a ƙofar gidansa.

Kuma ba wai Kano ba ta da ruwa ba ne, ga dam ɗin Tiga tun zamanin Audu Bako, ga Challawa Goje, ga Watari a Bagwai, ga matatun Challawa da Tamburawa, garin ne ya yi ta faɗi ta kowace kusurwa bututu bai bi shi ba. A watan Nuwamban 2018 Buhari har dokar ta-ɓaci ya ayyana a kan ruwa da tsaftar muhalli, kuma akwai alƙawarin duniya na cewa zuwa 2030 kowa ya samu tsaftataccen ruwa, to gashi 2030 ɗin ta matso.

Abin da ya fi damuna a alƙaluman shi ne wancan kashi 80 ɗin ba ya tambayar ko ruwan yana da ƙwayar cuta. Akwai mataki na sama da shi, wanda sai ruwan yana cikin gida, yana samuwa duk lokacin da ake so, kuma an tabbatar babu ƙazantar bayan gida ko guba a ciki, a wannan matakin Najeriya ko kashi ɗaya cikin uku ba ta kai ba. Binciken da gwamnatin tarayya da kanta ta yi da UNICEF a 2021 ma ƙasa ya sa lambobin, kashi 67 a matakin farko, kuma mutum wajen miliyan 48 suna bayan gida a fili. A wannan shekarar ta 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 111 a ƙasar nan ta kashe sama da 3,600, kuma Kano da Bauchi da Jigawa da Zamfara suna sahun gaba, duk wanda yake nan lokacin ya san yadda asibitoci suka cika da masu amai da gudawa. To kamfanin da zai haƙa wa gida talatin ruwan sha ya tsallake simintin wuya don ya rage buhu kaɗan, ni a wurina ba ƙaramin abu ya yi ba, ko da kuwa a ƙidayar hukuma bohol ɗin ya shiga cikin nasara.

Gwajin ruwa ma haka. Na tambayi manaja ko suna kai ruwan ɗakin gwaji kafin su miƙa aiki, sai ya ɗebo a kofi ya ɗaga wa rana ya ce Malam dubi ruwan nan garau, ya kurɓa ya ce ko gishiri babu. Yo ai ƙwayar taifod ba a ganinta a kofi. Akwai ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar tun 2007 aka sabunta a 2015, akwai iyakar kowane sinadari a ciki, nitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid kada ya wuce 1.5, shi fuloraid ɗin ne idan ya yi yawa yake ɓata haƙoran yara ya mayar da su ruwan ƙasa kamar yadda ake gani a wasu garuruwa irin su Kaltungo da Langtang, shi kuma nitiret yawanci alama ce ta masai ko taki yana tsatsowa. Mutanen da suke kusa da Sharada da Challawa da Bompai inda masana'antun fata suke su kam nasu gwajin ma ya fi namu zama dole. Mu da kanmu muka kai samfur wani ɗakin gwaji na jami'a a kwalbar da suka ba mu, kuɗin bai taka kara ya karya ba idan ka kwatanta da miliyoyin da aka kashe, sakamako ya fito lafiya a bakin bohol ɗin alhamdulillah. Amma ya kamata a ce wannan yana cikin aikin kamfani ne ba sai mai aiki ya roƙa ba.

Yanzu ɓangaren da suka burge ni, sola. Yaron da suka turo matashi ne ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, bai zo ya ɗaura kawai ya tafi ba, sai da ya sa aka yi ta jan ruwa na wasu awanni yana auna yadda rijiyar take sauka da yadda take dawowa, sannan ya ce samon da muka so saya ya fi ƙarfin rijiyar, zai riƙa zuƙe ta yana jan iska ya ƙone, a sayi ƙarami. Kun ji fa, mai sayarwa yana cewa a sayi mai araha. Samon na DC ne, wato mai aiki da wutar sola kai tsaye, daga fanel zuwa kwanturola zuwa rami, babu batir babu inbata, rana ta fito ya fara turawa rana ta yi sanyi ya tsaya, tankin shi ne ajiyarka. Ya sa na'urar da take kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa a ramin. Ya kuma yi wa fanel ɗin keji da walda a saman tankin saboda ɓarayi, wanda duk ɗan Kano ya san ba wasa ba ne, fitilun titi ma ba su tsira ba.

Tanki biyu muka ɗora masu lita dubu biyar-biyar, lita dubu goma kenan, jarka 400 idan ka lissafa da mai lita 25. Lokacin zafi kafin azahar sun cika. Da hunturu idan hazo ya rufe gari ƙura ta kwanta a kan fanel ƙarfin yana raguwa sosai, sai an hau an goge, mun ɗora wa ladan da yaransa wannan aikin ana ba su ɗan ihsani. Cikin watan takwas ma idan hadari ya wuni sai a yi haƙuri, amma lokacin ai kowa ya tara ruwan sama. Wanda yake da hali ya sayi samo mai cin biyu, sola da wutar nefa, mu dai kuɗinmu bai kai ba.

Kuɗi gaba ɗaya, haƙa da kesin da samo da fanel da ƙarfen ɗora tanki da tankunan da kawunan famfo shida, ya ɗan haura miliyan biyar a lokacin da muka yi, kada wani ya riƙe wannan lambar don kayan sola da dala suke tafiya, kotashin ɗin da aka ba ka yau sati mai zuwa sai a ce ya tashi. Abin da zan ce kawai a karɓi lissafin a rarrabe, kowane abu da kuɗinsa, kada a yarda da jimla guda, kuma kada a biya duka a gaba. Mu mun riƙe kashi goma, kuma wannan kashi goman ne ya sa har yanzu suke ɗaga wayarmu.

Aikin famfon nasu kuwa sai a hankali. Kawunan da suka sa irin masu arahar nan ne, yara suna murɗawa da ƙarfi ba a jima ba huɗu suka fara zuba, mun canza su da kanmu. Ba su yi magudana ba, ruwan da yake zubewa ya taru ya zama taɓo a bakin masallaci sauro ya samu gida, sai da muka haƙa rami muka cika da duwatsu. Sannan abin da yake tsayar da samo idan tanki ya cika ba su sa ba, don haka idan ba wanda ya lura ruwa ya yi ta ambaliya daga sama, a garin da ake sayen jarka da tsada wallahi abin yana min ciwo in gani.

Me ya canza a layin? Da yawa gaskiya. 'Yan matan da suke tafiya neman ruwa da asuba kafin makaranta yanzu taku kaɗan ne, matan gida suna wanki ranar da suka ga dama ba sai ranar da maigida ya iya sayen kura biyu ba. Mun sa kuɗi kaɗan a kan kowace jarka ga wanda ba ya cikin karo-karon, 'yan garuwa ma suna zuwa su cika a ƙasa da yadda suke saya a wurin masu janareta, kuɗin yana shiga asusun gyara a hannun mutum biyu, saboda duk mun ga tuƙa-tuƙa da bohol ɗin mazaɓa nawa ne suke tsaye a unguwanni da allon sunan wanda ya gina amma ba ɗigon ruwa, abin dubu ashirin ya lalace an rasa mai fitarwa. Wasu sun yi gunaguni wai ruwan sadaka ake sayarwa, Liman ya yi musu bayani a masallaci, wanda ba shi da shi kuma ba a hana shi.

Wani abu da ban so ba amma ba laifin kamfani ba ne, tun da muka fara ja rijiyoyin gida biyu da suke kusa sun fi saurin ƙafewa, kuma a bayan layinmu wasu mutum biyu sun haƙa nasu na cikin gida. Duk daga tukunya ɗaya ake ɗiba a ƙasan nan, babu mai lissafin nawa ake zuƙa nawa damina take mayarwa, ga shi ko'ina ana dandaɓe tsakar gida da siminti da intalok ruwan sama ba ya samun inda zai nutse. Baba ma ya ce lokacin da yake aiki zurfin da ake samun ruwa a wannan yankin bai kai na yanzu ba.

Haka kuma ruwa ya fito lafiya daga bohol ba shi ke nan ba, jarkar da aka shekara ba a wanke cikinta ba har ta yi gansakuka, da randar da kowane yaro yake tsoma moɗa da hannunsa a ciki, a nan yawancin ruwan yake lalacewa. A gidana na sha ana zuba shi a bokiti mai murfi da kan famfo, da damina kuma ana ɗiga masa ruwan kulorin irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs a bar shi minti 30 kafin a sha, na jarirai a tafasa. Alam yana kwantar da laka ne kawai ba ya kashe komai, a daina ruɗar kai da shi. Tankunan ma mun ce duk bayan 'yan watanni a sauke ruwan a shiga a wanke.

To zan ba wani shawarar ya kira su? Idan kana da irin Baba da zai tsaya a kansu daga safe har yamma, kuma ka rubuta kaurin kesin da simintin wuya da gwajin ruwa da magudana a cikin yarjejeniya kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa, eh ka kira su, injinsu mai kyau ne, mai sabensu ya iya, yaron solarsu kuma samun irinsa sai an tona. Idan kuwa kana Abuja ne ko Saudiyya za ka turo kuɗi a yi wa mahaifa sadaka a turo maka hoto, to ka nemi wanda zai tsaya tukunna. Mu yanzu abin da ya rage tsakaninmu da su na'urar tsayar da samon nan ce da manaja ya ce tana hanya, sai kuma gwaji na biyu da za mu kai idan damina ta yi nisa ƙasa ta jiƙe, don a lokacin ne ake gane ko simintin da suka dawo suka zuba ya kama da gaske.